Ƙusa Ta Biyar

Da ƙarfe shida na safiyar Lahadi, Kaka Setsu ta buɗe murfin randar da ke bayan shagonta a garin Kokura, ta cusa hannu cikin dusa har gwiwar hannu, yadda ta saba shekara sittin da ɗaya. Sai ta zaro shi da sauri. Ta sunsuna yatsunta, ta ɗan lasa, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓa ta ɗauki waya ta kira ofishin 'yan sanda na unguwa.

Sajan Nakazono ne ya zo, a kan kekensa. Mutum ne gajere mai furfura, wanda bai iya sauri ba ko a magana ko a tafiya. Ya duba ƙofar gaba, ya duba ta baya, babu inda aka ɓalle.

"Kaka, an ce an yi miki sata."

"An yi."

"Me aka ɗauka?"

Ta nuna randa da haɓa.

"Ai ga ta nan cike fal."

"Cike da me? Kai ɗan Kokura ne, ko daga Tokyo aka turo mana kai? Ɗanɗana."

Ya ɗanɗana. Gishiri da tsami, babu laifi. Amma tun yana ɗan firamare yake cin kifin shagon nan, harshensa kuma ya gaya masa ba ita ba ce.

Dusar shinkafa ce da gishiri da ruwa, wadda ake kira nuka. Ana binne kokwamba da gauta a ciki su kwana su tsimu, ana kuma ɗibar ta a dafa kifin sadin har ƙayarsa ta yi laushi. Kowane gida na iya haɗa tasa. Amma ta Kaka Setsu kakarta ce ta haɗa ta, shekara ɗari da takwas da suka wuce, tun daga ranar kuma ana ƙara mata sabuwar dusa, ana juya ta da hannu safe da yamma, ba a taɓa fashi ba sai sau ɗaya. Lokacin yaƙi uwar Setsu ta bar akwatin suturarta ta gudu da ita a goye. Ta tsallake gobara biyu. Abu ne mai rai, yana numfashi, yana fushi. A zafin Yuli, in ta yi kwana biyu babu hannu, ta mutu, ba ta kuma dawowa.

Mu baƙin garin mun san randar nan fiye da yadda muka san ofishin magajin gari. Kowace Asabar da rana Kaka kan rufe wa 'yan gari ƙofa ta buɗe mana: malaman Turanci, 'yan Filifin masu jinyar tsofaffi, ɗaliban Biyetnam, duk wanda kaɗaici ya ishe shi. Mu ci kifi, mu sha shayin sha'ir mai sanyi, masu shan giya su sha, ita kuwa ta yi ta zagin yadda muke riƙe tsinken cin abinci. Ranar da na fara tauna kokwambar randar nan sai da na daina jin surutun da ake yi. Har yau ban daina mamakinta ba.

"Wannan jaririya ce," in ji Kaka. "Ba ta fi sati biyu ba. An kwashe tawa, an zuba mini ita don kar in gane. Ni! Amma wanda ya haɗa ta ya iya. Barkonon, cittar, ɓawon lemon, duk awon gidan nan ne."

"Wa ya san awon gidan nan?"

Kafin ta amsa, Sabitri ta shigo da jakar kokwamba a hannu. Maƙwabtan da suka taru a bakin ƙofa suka dare suka ba ta hanya, ba wanda ya amsa gaisuwarta. 'Yar Nepal ce, shekara tara a garin. Da can a masana'antar shirya abincin kwali take, ta zo cin kifi wata Asabar, ba ta sake tafiya ba. Shekararta uku ke nan tana aiki a shagon.

Sajan ya zaunar da ita a teburin ƙurya.

"Yaushe aka juya ta ƙarshe?"

"Jiya ƙarfe uku. Ni na juya, da wuri, saboda bikin ganga. Ina cikin masu kiɗan unguwarmu."

"Kaka fa?"

"An ajiye mata kujera a bakin titi tana kallona. Da ta dawo ta gaji, sai ta hau bene."

"Kina da makulli?"

"Ina da shi."

"Kin san awon?"

"Na sani."

"To kin ga inda muke."

"Na gani, yallaɓai. Na ji abin da suke raɗawa a ƙofa, ai ba kurma ce ni ba. Amma in sace ta in kai ina? Ɗakina faɗin tabarma shida ne kacal, mu uku a ciki. Kuma in saci abin da kullum hannuna ke ciki?" Ta waiwayi randa. "Tun jiya ba a san ko an juya ta ba. Wannan ne ya dame ni, ba bakinsu ba."

Ta miƙe ta nufi randa kamar mai duba marar lafiya. Ta nutsa hannu, leɓenta na motsi. Ta zaro wata babbar ƙusa irin ta maƙeran da, baƙa ƙirin, ta ajiye. Ta zaro ta biyu, ta uku, ta huɗu wadda ta fi sauran sabunta. Ta ci gaba da lalube har sai da kafaɗarta ta taɓa bakin randa.

"Inna, huɗu ne. Babu mai lanƙwasar."

Kaka Setsu ta kau da kai.

"Ƙusoshin me?" Sajan ya tambaya.

"Ƙarfe na hana gauta koɗewar launi, kowace tsohuwa ta san wannan," in ji Kaka. "Amma a gidan nan, duk macen da aka yarda hannunta ya kai ƙasan randa, ana saka mata ƙusarta. Watan jiya na saka ta yarinyar nan."

"Biyar ne ke nan."

"Biyar," in ji Sabitri. "Kullum in na juya sai na ƙirga, don kullum sai Inna ta tambaye ni. Ta ce nawa ne, in ce biyar. Ta ce mai lanƙwasar fa, in ce tana nan."

Sajan ya buɗe ɗan littafinsa. "Kaka, faɗa mini masu su."

"Kakata Ito. Uwata Haruno. Ni. Sabitri."

"Huɗu kika faɗa."

"Na gaji, Nakazono. Je ka nemo mini ita. In ta kai gobe da yamma babu hannu, gawa za ka kawo mini."

Ya san tsohuwar. In ta rufe baki, ko da guduma ba a buɗe shi. Ya hau kekensa.

Sunan farko da maƙwabta suka jefa masa bayan na Sabitri shi ne Bastien, Bafaranshen da ke da ɗan gidan shan giyar inabi a bakin kogi. Kowa ya san ya taɓa durƙusawa a gaban Kaka yana roƙon ta sayar masa da kwano ɗaya, ta ce ya tashi kar ya ɓata mata tabarma. Sajan ya same shi yana wanke kofuna.

"An sace ta?" Bastien ya dafe ƙirji. "Wane marar tsoro ne? Yallaɓai, ka kama shi ka ba ni shi minti biyar."

"Wasu sun ce kai ne."

"Haba! Da ni ne, da ka same ni a nan ina wanke kofi? Da ina ɗaki ina mata waƙa."

"Jiya daga uku zuwa magariba kana ina?"

"A rumfata, wurin biki. Rabin baƙin garin nan a hannuna suka sha. Tambayi duk wanda ka ga yana riƙe da kansa yau."

"Kana da taka dusar?"

Bastien ya buɗe firij da kunya, ya fito da wata roba. Kusa da ita akwai safar hannu. Sajan ya kalli safar, ya kalli mutumin, ya girgiza kai don tausayi.

"Me ke ƙasan randar Kaka?"

"Ƙasa? Shekara huɗu ina zuwa Asabar, in yatsana ya wuce gaɓa biyu sai ta kwaɗa mini ludayi. Ina na ga ƙasa?"

Sajan ya sunsuna hannun Bastien. Sabulu da cuku. Wanda ya kwashe dusa mai nauyin yaro ɗan shekara takwas ya lalube ta da hannu, ko ya yi wanka uku sai an ji. Ya soke sunansa.

Saura Ogami, mai sayar da shinkafa, wanda ke kai wa Kaka sabuwar dusa kowane wata. Tsoho ne mai ciwon baya, shi ne kuma shugaban makaɗan unguwa, bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci.

"Ni? Ni da ko warinta ba na so? Shekara arba'in ina sayar da dusa, ban taɓa yarda ta shiga bakina ba. Kar ka gaya wa Setsu. Jiya kuwa ina gaban amalanken ganga daga farko har ƙarshe, Sabitri na bayana. Yarinyar nan fa ta fi 'ya'yanmu hannu, abin kunya."

"Ba ta ɓace ko kaɗan ba?"

"In ta ɓace, wa zai kaɗa? Ni?"

"Cikin sati ukun nan, wa ya sayi dusa mai yawa a wurinka?"

"Ba kowa. Amma dusa ai ko'ina akwai." Ya sosa ƙeya. "Ka san abin da ya ba ni tausayi? Ranar da na gaya wa Michiyo zancen ƙusar nan, sai fuskarta ta yi fari fat."

"Wace Michiyo?"

"Af, kai a lokacin an tura ka wani gari. 'Yar Setsu mana, ita kaɗai gare ta. Tana Moji, tana aiki a kantin magani. Mun haɗu a tasha watan jiya, na ce mata kin ji uwarki ta saka wa 'yar Nepal ƙusa? Ni fa hira nake."

"Me ya raba su?"

"Randar nan. Shekara ashirin da biyu ke nan. An kwantar da Setsu a asibiti, ta bar wa Michiyo juyi. Ƙawaye suka ja ta yawon wanka a wata maɓuɓɓugar ruwan zafi, kwana biyu, da rani. Ta dawo ta tarar dusa ta yi wari. Setsu ta tsere daga asibiti da rigar majinyata, ta tsinci dusa mai rai cikin tafin hannu biyu a can ƙasa, da ita ta tashe ta. A gabana ta ce mata: na cire ƙusarki. Michiyo ta ɗauki jakarta, shi ke nan."

"An canza kwaɗon ƙofa tun lokacin?"

"Setsu? Ko ludayinta ba ta canza ba."

"Ogami, an ce baki shi ke yanka wuya. Naka na wasu yake yankawa."

Jirgin ƙasa zuwa Moji bai kai minti ashirin ba. Ƙarfe biyu na rana Sajan ya ƙwanƙwasa ƙofar wani ɗan gida a gangaren tudu. Matar da ta buɗe ta haura hamsin, da haɓar Setsu sak. Ta ɓoye hannun dama a bayan ƙofa, amma ƙamshin ya riga ta fitowa.

"Baiwar Allah, ke ce Michiyo?"

"Ni ce. Lafiya?"

"An kwashe dusar mahaifiyarki."

"Ban taka shagon nan ba shekara ashirin da biyu. Ku tambayi wadda ta gaje ni."

"Na tambaye ta. Bari in gaya miki abin da na gani, in na yi kuskure ki gyara mini." Ya cire hularsa. "Ba a fasa ƙofa ba, to mai makulli ne. An haɗa sabuwar dusa da awon gidan, to ɗan gida ne. Har nan Sabitri na cikin zargi. Amma ɓarawon ya tsamo ƙusoshi daga tsohuwar dusa ya mayar cikin sabuwa, don kar a gane. Baƙo bai san da su ba, na gwada wanda ya fi kowa kwaɗayinta, bai sani ba. Ɓarawon ya tsamo huɗu, sai ya daina nema, don a lissafinsa huɗu ne. Sabitri kuwa da bakinta take ƙirga su kullum, ba za ta tsaya a huɗu ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san da ƙusoshin nan amma bai san adadinsu na yau ba."

Ta saki ƙofa ta juya ciki, ya bi ta. A ƙarƙashin matakala, inda ya fi ko'ina sanyi, akwai sabon baho na katako an rufe shi da farin ƙyalle.

"Ba sayarwa zan yi ba," ta ce. "Ta kakannina ce. Ni aka haifa a kanta. Na yi kuskuren kwana biyu, an kore ni shekara ashirin da biyu, sai a ɗauka a ba wadda ta zo cin kifi? Na so kawai in riƙe ta rani ɗaya, in ga ko zan kashe ta kamar yadda aka ce." Ta share ido da bayan hannu. "Amma lissafinka bai fita ba, yallaɓai. Huɗu ne. Tsofaffi uku da sabuwa ɗaya. Na riƙe su a hannuna na duba. Tawa ina da shekara sha biyar na buga ta a dutse ta lanƙwashe a kai. Ba ta ciki. Inna ta cire ta, kamar yadda ta faɗa."

"Sa hannu ki laluba. Ki bi gefe, har ƙasa."

"Na juya ta sau uku tun jiya."

"Kin juya, ba ki nema ba. Laluba."

Ta durƙusa ta yaye ƙyallen. Ƙamshi ya tashi ya cika gidan, mai nauyi, mai sanyi, irin wanda ba a haɗa shi da awo. Sajan mutum ne da ya ga gawa ya ga gobara bai girgiza ba, amma ga shi tsaye a gaban bahon dusa yana tunanin matan da suka mutu kafin a haife shi, waɗanda gumin tafin hannunsu ke nan da rai a ciki. Bai san lokacin da ya sunkuyar da kai ba.

Hannun Michiyo ya daina motsi. Ta zaro shi a hankali. Ƙusar ta sirance, gishiri ya cinye ta, amma kanta na nan a lanƙwashe.

"Kullum sai mahaifiyarki ta tambayi Sabitri ko tana nan," in ji Sajan. "Yarinyar na ta amsawa, ba ta san ta wace ce ba. Kafin ta zo kuma, ina jin da kanta take dubawa."

Michiyo ta rungume bahon ta fashe da kuka. Ya fita waje ya ba ta wuri. A hanyarsu ta komawa Kokura ya gaya mata doka ba ta hukunta 'ya a kan kayan uwarta, amma akwai wadda aka ɓata wa suna a bakin ƙofa, wannan kuwa ita za ta gyara shi da bakinta.

Ƙarfe biyar saura motar Michiyo ta tsaya a lungun. Labari ya riga su isa, don Ogami ya ji. Maƙwabta na nan, mu ma 'yan Asabar mun hallara ranar Lahadi, Bastien a gaba. Michiyo ta fara zuwa gaban Sabitri, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, ta ce da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji: "Ni na ɗauka. Na bari aka zarge ki. Ki yafe mini." Waɗanda suka ƙi amsa gaisuwa da safe suka shiga duban takalmansu.

Kaka Setsu ba ta kalli 'yarta ba. Ta sa aka ajiye bahon, ta lakato dusar, ta sa a harshe, ta rufe ido. Shagon ya yi tsit, har ana jin gangunan ranar ƙarshe ta bikin daga babban titi.

"Tana da rai," ta ce. Aka saki numfashi. "Sau nawa kika juya?"

"Uku, Inna. Jiya da magariba, yau da sassafe, da kuma rana."

"Kin yi yawa. Ke dai ko ki yi kaɗan ko ki yi yawa."

Ta sa aka kwashe sabuwar dusar daga randa, ta tura wa Bastien. "Ɗauki jaririyar nan, hannun gida ne ya haɗa ta. In na ji ka sa mata safa, kar ka ƙara zuwa mini." Mutumin ya karɓa da hannu biyu.

Aka mayar da tsohuwar dusar cikin randarta, aka jefa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Lokacin juyin yamma ya yi. Sabitri ta naɗe hannun riga, sai ta tsaya, ta kalli Kaka.

"Me kike kallo? Bakin randar nan ya ɗauki hannu biyu. Matsa wa yayarki."

Suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa, suka nutsa hannu har gwiwa. Kaka ta zauna a kujerarta, ta juya musu baya tana goge ludayi, kamar kowace yamma.

"Nawa ne?"

"Biyar, Inna," in ji Sabitri.

"Mai lanƙwasar fa?"

Sabitri ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta zunguri Michiyo da gwiwar hannu.

"Tana nan, Inna," in ji Michiyo.

Kaka Setsu ta ci gaba da goge ludayin da ya riga ya bushe.